Ƙaramar bindigar harbin allo: abin da na gaya wa ɗan ƙanwata kafin ya fitar da kuɗinsa

Ɗan ƙanwata ya iske ni bayan la'asar ina zaune gindin bedi a ƙofar gidana, nan unguwar Ali Dan Sofo a Maradi. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini salularsa. Hoton wata bindiga ce baƙa wuluk, an ɗora mata madubin hangen nesa mai kaurin kwalbar lemo, an rubuta lambobi manya a gefenta. Ya ce, "Kawu, wannan nake so. Tun da na ga gasar harbi ta Olamfik a talabijin raina ya biya. Duba mini ko ta yi." Na duba, na mayar masa da wayarsa, na ce ya jawo tabarma. Abin da muka tattauna daga la'asar har aka kira magariba shi ne zan rubuta a nan, don na san akwai samari irinsa da abin yake burge su amma ba su da wanda za su tambaya sai mai sayarwa.

Na yi shekaru ina aikin gandun daji, da kaki a jiki da bindigar aiki a kafaɗa, amma ba can na koyi harbin allo ba. Wani kwas na 'yan watanni aka tura ni Faransa, a can na samu wata ƙungiyar harbi ta ƙaramin gari. Dattijon da ke kula da wurin ya sa na yi wata guda cur ina huda takarda daga mita 10 da bindigar iska kafin ya bari na taɓa mai harsashi. A lokacin na ji haushi, don ina ganin na riga na iya harbi. Takardar ce ta nuna mini ban iya ba.

Takarda biyu ce ke yanke hukunci a wannan sha'ani. Ɗaya ta hukuma ce, ɗaya kuma ita ce wadda za ka liƙa a allo ka harba. Bari in fara da ta hukuma, don in babu ita sauran maganar duk ba ta da amfani.

A Nijar ba a mallakar bindiga mai harsashi sai da izinin hukuma, komai ƙanƙantarta, kuma harsashin ma haka. Maganar izini tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI da aka kafa don tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Kai da kanka za ka je komisariya ko ofishin gwamna ka tambayi abin da ake bukata, kada ka aiki kowa, kada kuma ka dogara da abin da aka faɗa maka a fada. Izini ake fara samu, sannan a sayi bindiga, a hannun wanda shi ma yake da izinin sayarwa, da rasit mai ɗauke da lambar da ke jikin ƙarfen. Ko ta iska ce, kada ka ɗauka ba ruwan kowa da ita. Ka tambaya tukuna, in kuma daga waje za ta shigo, ka san matsayin duwan kafin ka biya ko dala.

Duk wanda ke zaune a Maradi ya san abin da mutanen Madarunfa da Gidan Rumji suka sha a hannun 'yan bindiga, satar shanu da ɗauke mutane. Saboda haka wanda ya ce maka zai samo maka bindiga da araha ta hanyar Dan Isa ko Jibiya, ba takarda, ka tashi ka bar masa wurin. Jandarman da ya tsayar da kai a hanya da dogon abu naɗe a buhu ba zai tsaya sauraron bayanin wasanni ba, kuma yana da gaskiya.

Abu na biyu da na tambayi yaron shi ne: ina za ka harba? Ya yi shiru. Mutane suna raina ƙaramin harsashin harbin allo da ake kira .22 saboda bai kai ɗan yatsa ba, amma in aka ɗaga bakin bindiga sama yana tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma yana kisa. Ga shi da saurin tsalle in ya bugi dutse ko busasshiyar ƙasa. Dole bayan allo a samu tudun yashi mai laushi wanda ya fi tsawon mutum, babu dutse a ciki, babu ƙarfe, kuma ka san abin da ke bayan tudun. Gonakin bakin Gulbi ba wurin harbi ba ne, akwai masu lambu, akwai yara masu kiwo, akwai mata masu itace da ba ka gani sai sun fito. Wurin da hukuma ta sani ta kuma amince, shi kaɗai ne wuri. In ba ka da irinsa, to maganar mai harsashi ta tsaya nan, ka koma ga ta iska.

Ni ma abin da nake fara ba kowa shawara ke nan, ko yana da wurin ko ba shi da shi. Bindigar iska mai harba ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 ba abin wasan yara ba ce. Da ita ake gasar mita 10 a Olamfik, inda lamba goma a tsakiyar takarda ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Gwangwanin ƙwayar dalma guda yana ɗauke da 500, kuma da abin da za ka kashe a harsashi kaɗan za ka yi makonni kana motsa hannu. Riƙo da numfashi da jan kunama, duk abin da ake bukata a mita 50, a mita 10 ake koyonsa.

A nan ne hoton da yaron ya nuna mini ya faɗi. Ta iska ce, kuma lambar da aka rubuta a gefe ta gudun ƙwaya ce, sama da mita 300 a sakan. Masu sayarwa sun san samari suna son babbar lamba. Amma bindigogin da ake cin lambar zinariya da su ba sa wuce wajen mita 170 zuwa 180 a sakan, ƙarfinsu kamar 7.5 a ma'aunin ƙarfi da ake kira jul, wanda shi ne iyakar da Jamus ta sa wa bindigar iskar da babba zai saya ba tare da izini na musamman ba. Huda takarda ba ya bukatar ƙarfi. Bindiga mai sifirin da aka cika wa ƙarfi tana zabura a hannu kafin ƙwayar ta fita daga bututu, ta yi baya ta yi gaba, ga wuyar karyawa, wato tanƙwara bututun don a ɗana ta, bayan harbi talatin hannunka yana rawa. Mai matsakaicin ƙarfi ka nema. Weihrauch ta Jamus tana da HW30, ƙarama ce mai nauyin wajen kilo biyu da rabi, in ka samu mai kunamar da suke kira Rekord ka samu abin da jikanka zai gada. Diana ma ta Jamus ce. Gamo ta Sifen da Hatsan ta Turkiyya sun fi araha kuma sun fi yawa a kasuwannin duniya, sai dai ka zaɓi mafi sanyi daga cikinsu ka kuma gwada kunamar da yatsanka. Akwai masu tulun iska da ake cikawa har matsin iskar ya kai 200 a ma'aunin da ake kira bar, ba sa motsi ko kaɗan in an harba, amma sai da famfo na musamman, ga robobin da ke tsare iskar waɗanda zafinmu da ƙurarmu ba sa raga musu. Wanda bai da mai gyara kusa ya bar su tukuna.

Mai sifirin tana da dokokinta. Ba a harba ta babu ƙwaya a ciki, fistan ɗin zai doki ƙarfe ya lalace. In ka karya ta za ka sa ƙwaya, hannu ɗaya ya riƙe bututun gam har ka gama, don in ta kuɓuce tana iya datse yatsa. Ba a ɗiga man inji a ramin da iska ke fita, don matsi yana kunna man kamar yadda injin gazuwal yake yi, ya ƙone robar ciki. Kuma ba a damƙe ta. A tafin hannu ake ɗora ta, a wuri ɗaya kullum, a bar ta ta yi motsinta.

To, a ce ka samu izini, ka samu wuri, kana son mai harsashi. Sunan harsashin .22 LR, faɗinsa milimita 5.6, dalmarsa wajen giram 2.6. Kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da shi a 1887, kuma har yau da shi ake gasar mita 50, inda da'irar goma take da faɗin milimita 10.4. Ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa ba ta kai ta sauran ba, kuma shi ne mafi arahar harsashin bindiga a duniya. Kada wani ya ja ka zuwa .22 Magnum ko .17 HMR. Sun fi gudu, sun fi tsada ninki, kuma ba da su ake gasa ba.

Ka sayi mai sakata, wato wadda kake ɗaga hannun sakatar ka ja baya da kanka bayan kowane harbi. Masu ɗura kansu, irin Ruger 10/22 da ake yi tun 1964, suna da daɗin harbi, amma a kuɗi ɗaya mai sakata ta fi su tara harsashi wuri guda, ta fi sauƙin wankewa, ƙura ba ta cika tsayar da ita ba. Akwai kuma wani amfanin da ba a rubutawa a kwali: tana tilasta maka jinkiri. Wanda ke da harsashi goma a jere ƙarƙashin yatsa zai zubar da su cikin minti guda bai koyi komai ba.

Cikin waɗanda na riƙe da hannuna, CZ ta ƙasar Cek ita ce na fi yarda da ita a tsakanin kuɗi da inganci. Tsohuwar ita ce 452, sai 455, yanzu kuma 457 ake yi. Savage Mark II ta Amurka ba ta da kyan gani, jikinta na roba kamar ba zai jure ba, amma bututunta yana da gaskiya, kuma kunamarta mai suna AccuTrigger ana iya rage mata nauyi. Tikka T1x ta Finlan tana da kyau, ta ɗan fi tsada. Norinco JW-15 ta Sin kwaikwayon tsohuwar bindigar Brno ta ƙasar Cek ce, tana da araha sosai, amma kamar kankana take, sai an fasa ake sanin ta ƙwarai, wata ta yi daidai wata ta watsar. Tsohuwar TOZ-8 ta Tarayyar Sobiyet mai cin harsashi ɗai-ɗai, in ta zo da takardunta kuma cikinta lafiya, kada ka raina ta, da ita aka koya wa ɗimbin yara harbi a can. Anschütz ta garin Ulm a Jamus ita ce ta 'yan gasa, sabuwarta ta gasa dubban yuro ce, kuma yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, ka yi lissafi da kanka. Mai koyo ba zai ga bambancinta da CZ a takarda ba sai bayan shekaru, don kuskuren hannunsa ya fi na bindigar girma nesa ba kusa ba.

Abu uku kuɗinka yake saya: bututu, kunama, da yadda ƙarfe ya zauna a cikin katako. Fenti da zanen kaki da ramukan ado ba sa ƙara komai.

Bututu ba sai dogo ba. Harsashin .22 yana gama samun gudunsa a cikin santimita 40 zuwa 45, abin da ya ƙaru a kai ba ya ƙara ƙarfi. Tsawon yana taimako ne kawai in da saitin ƙarfe kake harbi, wato 'yan ƙarafan auna wuri da ke kan bindigar ba madubi ba, don nisan da ke tsakanin na gaba da na baya yana rage kuskuren ido. Mai kauri ya fi zama lafiya a kan buhu, amma in a tsaye za ka harba ka ɗaga ta ka riƙe minti guda ka ji. Wurin da na fi dubawa shi ne bakin bututun, daidai inda harsashi yake rabuwa da ƙarfe. In akwai ɗan tabo ko lotsawa a gefe ɗaya, iskar da ke bayan harsashin za ta riga fita ta nan ta ture shi. Tabon da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya lalata bindiga mai tsada. Ka cire sakata, ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa ta baya. Zaren da ke murɗe a ciki ya fito sarai, babu ramukan tsatsa, babu wani baƙin zobe. Zoben alama ce cewa an taɓa harbi alhali wani abu ya toshe ciki, ƙarfen ya kumbura. Wannan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

In ta hannu ce, akwai wani wuri kuma. Wannan harsashi a gefen gindinsa allura take dukansa, ba a tsakiya ba. Wanda ya saba jan kunama babu komai a ciki, a wasu bindigogin allurar tana dukan gefen ɗakin harsashi ta bar masa tsaga. Ka duba wurin da kyau. In ya lotsa, kwanson zai riƙa maƙalewa, wani lokacin ma ta ƙi tashi.

Kunama kuwa ita ce rabin harbi. Wadda ta yi nauyi, kafin ta saki ka riga ka ja bakin bindigar gefe. Wadda take jan ƙafa, kana ja tana gurzawa ba ka san inda za ta saki ba, ta fi mai nauyin ma muni. Abin da ake so ta tsaya cak, ka ƙara ɗan matsi, ta karye kamar tsinken ashana. Nauyin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishi mai koyo. Kada ka kai ta wurin maƙeri ya goge mata ƙarfe don ta yi laushi. Na san wanda ya yi haka, ranar da gindin bindigar ya bugi ƙasa ta tashi da kanta, Allah ya kiyaye bakinta yana kallon sama. In tana da sukurun gyara, ka bi littafinta, bayan ka gama ka tabbatar babu harsashi, ka ɗana ta, ka buga gindinta a tabarma sau uku. In ta saki, ka mayar da nauyin.

Zaman ƙarfe a katako da takardar kuɗi ake gwada shi. Ka zura jika guda tsakanin bututu da katakon gaba ka ja ta baya. A bindigogin da aka yi bututunsu ya tsaya shi kaɗai, za ta wuce ba tare da ta maƙale ba. In katakon yana taɓa ƙarfe ta gefe ɗaya, inda take bugawa zai riƙa sauyawa tsakanin rani da damina. Sannan ka sa ta a kafaɗa ka rufe ido, ka kwantar da kunci, ka buɗe. In idonka ya faɗa kan saiti ba tare da ka miƙa wuya ba, ta yi maka.

Yanzu maganar da ta fi ba yaron mamaki. Na ce masa in kuɗinsa kashi goma ne, kada bindiga da madubi su ci fiye da shida. Sauran na harsashi ne. Bindiga biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya, kowace da harsashin da take so, kuma ba mai gaya maka sai ita. Amma akwai ƙa'ida guda da ba ta tashi: ka ɗauki mai matsakaicin gudu, wajen mita 320 zuwa 330 a sakan, ka bar wanda aka rubuta wa babban gudu. Dalili shi ne sauti yana tafiyar mita 343 a sakan in zafin iska yana awo 20, a zafinmu na watan Afrilu kuwa yana kai 355. Harsashin da ya fita da gudun da ya fi na sauti, a hanya zai rage ya faɗo ƙasa da shi, kuma a wannan tsakanin yakan ɗan girgiza, iska ma ta fi tura shi. Wanda ya fita ƙasa da gudun sauti tun farko lafiya lau yake tafiyarsa. Eley na Ingila, Lapua, SK, RWS, da CCI Standard Velocity su ne sunayen da za ka ji. Kowane kwali 50 ne, kuma a jikinsa akwai lambar rukunin da aka yi shi. In ka samu rukunin da bindigarka ta so, ka tsaya a kansa gwargwadon abin da izininka ya ba ka. Ƙwayar bindigar iska ma haka take: mai shafaffen kai ita ce ta takarda, don tana yanka rami tsaf, kuma H&N da RWS da JSB ba sa ba da kunya. Wadda gindinta ya lotse a gwangwani ka ware ta.

Madubi kada ya cinye ka. Mai ƙara girma sau 4, ko mai tafiya daga 3 zuwa 9, ya isa mita 50. Abin lura ɗaya ne. Yawancin madubai an daidaita su ne don nisan wajen mita 100, in ka kalli abu na kusa ka ɗan motsa kai sai ka ga giciyen da ke cikin madubin yana yawo a kan allo, kuma harsashin zai bi wannan yawon. Ka nemi mai zobe a gaba ko a gefe da ake murɗawa a daidaita nisa, wanda yake saukowa har mita 10. In a kan mai sifirin za ka ɗora, sai wanda aka rubuta cewa yana jure ta. Madubina na farko haka ya tafi, mai kyau ne, na cire shi daga wata bindigar na ɗora a mai sifirin, kafin gwangwani guda ya ƙare gilashin ciki ya saki, don zaburar da take yi gaba ba irin wadda aka gina shi ya jure ba ce. Ni dai da za a bi tawa, wata shidan farko da saitin ƙarfe za a yi. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: inda kake so harsashi ya koma, can kake matsar da saitin baya.

Sai takarda ta biyu. Kada ka yarda da gwajin gwangwani, wai an harba ya faɗi. Gwangwani faɗinsa ya kai tafin hannu, kowace bindiga tana samunsa. Ga yadda nake yi. Bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi, nake zuwa. Na cika buhu biyu da yashi, babba a ƙarƙashin katakon gaba, ƙarami a ƙarƙashin gindi, a kan tebur da ba ya rawa. Katako ake ɗorawa a buhu, bututu ba ya taɓa komai. Na zana ɗigo biyar a farar takarda, na auna mita 50 da igiyar awo, ba da taku ba. Na fara harba goma a gefe don bututun ya saba da maikon wannan harsashin, sannan kowane ɗigo na ba shi biyar. Ba na damuwa ko sun faɗa kan ɗigon, wannan aikin murɗa saiti ne daga baya. Abin da nake kallo shi ne yadda suka taru. Na auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar ramin da ya fi nisa da shi, na rubuta duka biyar ɗin, har da wanda ya ɓata mini rai. Harbi uku ba gwaji ba ne, sa'a ma tana tara uku.

In ba ka da abin awo, aljihunka yana da shi. Dala goma faɗinta milimita 22 ne, dala ashirin 26. Bindigar da dala goma take rufe ramukanta biyar a mita 50, sau biyar a jere, ta isa ka yi shekaru kana koyo a kanta. CZ mai lafiya da harsashin da ya dace da ita tana yin abin da ya fi haka. In dala ashirin ta kasa rufewa, ka sauya harsashi ka sake, ka duba sukurorin da suka riƙe ƙarfe da na madubi, ka ba wanda ya fi ka hannu ya gwada. In har yanzu tana watsawa, ka mayar wa mai ita. Ta iska kuwa a mita 10, ramukan su haɗe su zama rami guda da bai wuce farcen ɗan yatsa ba. Wajen murɗa madubi, a yawancinsu ƙara ɗaya tana matsar da harbi wajen milimita 7 a mita 100, wato uku da rabi a mita 50. Ka ƙirga, kada ka yi ta murɗawa da ka.

Iska za ta koya maka sauran. 'Yar iskar da ke kaɗa gefen riga, in daga gefe take zuwa, tana iya kai harsashin .22 santimita biyu ko uku daga inda ka nufa a mita 50. Ka kafa kara biyu a hanya ka ɗaura musu tsumma mara nauyi, ka riƙa harbi lokacin da suka yi kwanciya iri ɗaya. A mita 100 kuma harsashin yana faɗuwa kusan taƙi guda ƙasa da inda ka daidaita a 50.

Yanayinmu yana da nasa sharuɗɗan da littafin Bature bai faɗa ba. Da hunturu, mai da ƙura in suka haɗu sun zama abin gurza ƙarfe, don haka ɗan kaɗan ake shafawa a goge, sakata ta kusa bushewa. Katako yana tsukewa da rani, sukurori su saki, sai ka ga bindigar da ke daidai a Satumba ta fara watsawa a Maris. Ka riƙa duba su, amma kada ka ɗaure kamar kana ɗaure tayar mota. Da damina tsatsa ce abokiyar gaba, ko zufar hannu ta isa ta bar shaida a ƙarfe kafin safiya. Harsashi kuma kada ya yini a cikin mota ko a rana, maikon da ke jikin dalmar yana narkewa. Cikin bututun .22 ba ya son yawan wanki. In za ka yi, ta baya ake zura sanda, mai rufin roba, a hankali, don kada a ji wa bakin rauni. Dalma guba ce, kada a sa ƙwaya a baki, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Tabarau a ido ko da ta iska ce, abin toshe kunne in mai harsashi ce.

A gida, sakata tana wuri ɗaya, harsashi yana wani, bindigar tana cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo, makulli a jikina. Gidajenmu cike suke da yara, namu da na maƙwabta, kuma babu maɓoyar da yaro bai sani ba. Duk lokacin da na ɗauke ta, ko ni na ajiye ta da hannuna jiya, sai na buɗe na leƙa ɗakin harsashi, bakinta kuma ba ya kallon mutum ko da wasa. Wanda ya karya wannan sau ɗaya a gabana ba ya sake taɓa tawa.

Ina da buri a kan wannan wasa, ba zan ɓoye ba. Nijar ta ga Isaka Dabore ya ɗauko tagulla a dambe a Munik a 1972, ta ga Alfaga ya ɗauko azurfa a taikwando a Riyo a 2016. Harbin mita 10 ɗaki mai tsawon mita goma sha biyu kawai yake bukata da haske mai kyau, kuma mata suna yinsa daidai da maza. Ban ga abin da zai hana Maradi samun irin wannan ɗakin ba, a ƙarƙashin idon hukuma.

Yaron dai ya goge hoton. Ya je ya yi tambayarsa a komisariya, yanzu yana tara kuɗin wata mai karyawa, mara ƙarfi. Kafin nan duk Asabar da safe yana zuwa mu yi da tawa ta iska a zauren baya, ƙofa a kulle, buhunan yashi jingine da bango. Na ba shi littafin makaranta mai shafi 32 yana liƙa takardunsa da kwanan wata. A makon farko dala ashirin ba ta rufe ramukansa a mita 10 ba. Asabar ɗin da ta wuce dala goma ta rufe huɗu daga cikin biyar, na biyar ɗin ya fita hagu, kuma kafin in yi magana shi da kansa ya ce, "Kawu, fizgar kunamar na yi."